Kafintan da Ya Yi Ƙofar Na-Tafi

A layinmu ba wanda ke kiran Babanmu da sunansa na gaskiya. Sau-Uku ake ce masa, domin ko ƙafar benci zai yanka sai ya auna ta sau uku. Ya auna, ya ja layi da fensirin da ke maƙale a kunnensa, ya sake aunawa, ya je ya sha ruwa, ya dawo ya auna na ukun, wai ko katakon ya ƙara tsawo a bayan idonsa. Masu kawo aiki suna ƙorafin jinkirinsa, amma ba sa zuwa wani wuri. Ƙofar da Baba ya kafa da ɗan yatsa ake tura ta, ta rufe ba ƙara ba gurnani. Ya kusa shekara arba'in a shago ɗaya, kuma ban taɓa jin an dawo masa da aiki ba.

Ni ce autarsa, ni ce kuma mai bakin gidan, don haka ni zan ba da labarin. Yayyena sun ce in rufa wa tsoho asiri. Na ce ai shi ya fara tonawa.

Abu ɗaya Baba ya tsana a duniya: wani tsohon wasan barkwanci na talabijin. Sunan wasan na ainihi ma mutane sun manta, kowa "wasan ƙofar nan" yake cewa. Falo ɗaya ne da kujeru uku da labule, sai wani maigida mai cika baki wanda kullum sai ya yi faɗa da matarsa a kan abin da bai kai ya kawo ba. In faɗan ya yi zafi sai ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗaga yatsa ya ce, "Na tafi! Kuma kar wanda ya neme ni!" Sai ya finciki ƙofa. Ƙofa ta ce ba inda za ka. Ya ja, ya dafa ƙafa a bango ya ja, hula ta faɗi, gumi ya keto, a ƙarshe ya juyo da 'yar ƙaramar murya ya ce wa matar, "Ɗan zo ki kama min." Amma da zarar sun shirya sun zauna, sun fara gulmar maƙwabci, sai ƙofar ta buɗe da kanta a hankali, ƙiiii, ga maƙwabcin tsaye yana sauraro. Tun daga nan sunan ɗan wasan ya ɓace, ya koma Na-Tafi.

Shekara bakwai aka yi ana wasan, kowane mako ƙofa ɗaya, abu ɗaya, mutane ba su gaji ba. Da aka daina sai aka riƙa maimaitawa, mu a maimaicin muka taso. Yanzu 'ya'yan yayata, waɗanda ba su ma san talabijin mai ƙaton baya ba, a waya suke kallonsa suna birgima a ƙasa. Na sha tambayar kaina me ke ba mu dariya a abin da mun riga mun san ƙarshensa. Ina jin don kowane gida yana da nasa Na-Tafin ne, kuma mutanen gidan suna fatan a samu abin da zai riƙe shi har fushin ya sauka.

A gidanmu kuwa, da an ji kiɗan fara wasan Baba zai miƙe ya kashe talabijin. A gidan maƙwabta muke kallo, mu dawo muna haɗiye dariya. Inna tela ce, kekenta na nan a bakin taga, kuma kullum tana da ɗinkin da za ta kai wa matar maƙwabci. Ɗinkin nan bai taɓa tashi kaiwa ba sai ranar wasa.

Waɗanda suka fi ƙona wa Baba rai su ne masu kawo aiki. Duk wanda ya zo a yi masa ƙofa sai ya yi tsokanar nan, yana ganin shi ya ƙirƙiro ta: "Sau-Uku, don Allah kar ka yi min irin ta Na-Tafi." Sai Baba ya ajiye zarto.

"Wanda ya yi ƙofar nan ba kafinta ba ne," in ji shi. "Ɓarnar katako kawai ya iya. Da ina da iko, ko ƙusa ba zan bari a sayar masa ba."

Ya zagi kafintan nan a gabana ya fi sau ɗari. Ya ce makaho ne, ya ce da ƙafa ya yi awo, ya ce duk inda yake Allah ya shirye shi. Har tausayin mutumin nake ji, ina cewa wannan bawan Allah me ya tsare wa Baba ne?

Wata rana da hantsi, muna hutun makarantar da nake koyarwa, na kai masa abinci shago. Ina ajiyewa sai ga mota ta tsaya, tsofaffi biyu suka fito. Na farko gajere ne mai tabarau, ban san shi ba. Na biyun kuwa, duk da sanda da furfura da ramar da ya yi, ba mai ganinsa ya kasa gane shi. Na-Tafi ne, a ƙofar shagonmu, da ransa.

Baba ya ɗago ya gan su, ya mai da kai kan katako.

"Ba ma karɓar aiki," ya ce.

"Haba kafinta, ko gaisuwa babu?" in ji mai tabarau. "Shekara nawa rabonmu!"

"Darakta, na ce ba ma karɓar aiki. Auta, tafi gida."

Ni kuwa na jawo benci na zauna. Baba ya san daraktan wasan da ya tsana, har suna maganar shekara nawa? Ko da bulala ba zan tashi ba.

Darakta ya yi bayani. Wasan ya cika shekara arba'in, gidan talabijin zai yi kashi ɗaya na ƙarshe a gaban jama'a, da 'yan wasan da suka rage. Kujerun suna nan, labulen ma yana nan. Ƙofar ce gara ta cinye a sito. Kafintoci uku sun gwada yin wata. Ta farko ba ta buɗuwa sam, sai da aka ɓalle ta aka fito da mai kyamara. Ta biyu ba ta rufuwa. Na ukun ya ɗaura igiya ya ɓoye mutum a baya yana riƙewa, Na-Tafi ya ce shi ba zai yi kokawa da igiya ba.

"Waccan ƙofar abokiyar aiki ce," in ji Na-Tafi, muryarsa a dishe. "Shekara bakwai ban taɓa sanin da wane ja za ta saki ba. Gumin da kuke gani na gaske ne. Likita ya ce in daina wahalar da kaina, na ce masa saura sau ɗaya. Kafinta, kai ka yi ta. Ka sake yi min ita in ja tun ina da sauran ƙarfi."

Na juya na kalli mahaifina.

"Baba," na ce, "kai ne makahon?"

"Auta, ban ce ki tafi gida ba?"

Darakta ya ƙarasa min labarin yana share tabarau, Baba kuwa yana ta goga samfefa a katakon da ya riga ya yi sumul. Ashe Baba yana saurayi shi ne kafintan gidan talabijin. Ya kafa ƙofar da safe, aka fara ɗaukar kashi na farko da rana. A takarda, maigida zai yi fushi ya fita ya bugo ƙofa, shi ke nan. Sai ƙofa ta ƙi. Mai kyamara ya yi dariya har hoton ya girgiza, Darakta ya ce kar a tsaya. Ana gamawa Baba ya rugo da kayan aiki zai gyara, Darakta ya tare shi ya ce duk wanda ya taɓa ƙofar nan a bakin aikinsa. Wata shida Baba yana zuwa kullum yana roƙo. Sau biyu aka kama shi yana zagaya ta da sukudireba a aljihu. Da ya gaji sai ya ajiye aikin, ya nemi alfarma ɗaya: a cire sunansa daga jerin sunayen da ke fitowa a ƙarshe. Shi ya sa a wasan nan akwai sunan kowa, har mai shara, amma ban da kafinta.

Baba ya ce ba zai yi ba har sau huɗu, ina ƙirgawa. Sai Na-Tafi ya yunƙura zai tashi daga benci ya kasa, Baba ya yar da samfefa ya kama shi. Ina jin hannunsa ne ya gaya masa abin da likita ya gaya wa Na-Tafi, don yana tsayar da shi ya ce, "Zan yi. Amma ba wanda zai ji cewa ni ne. Auta, har da ke."

Na yi alkawari da zuciya ɗaya, na kuma riƙe shi har bakin ƙofar gida.

"Inna! Kin san Baba ne ya yi ƙofar Na-Tafi?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta gatsa zare ta ce, "Sai yau kika sani?"

Mako biyu Darakta ya ba shi. Ni kuwa na tare a shagon, wai ina taya shi hira, don ba kullum ake samun damar kallon gwani yana koyon ɓarna ba. Ƙofa ta farko ya ƙudura zai ƙara mata faɗi kaɗan. Ya ƙara ɗin, amma yana ta surutu da ni hannunsa ya fere ƙarin bai sani ba. Aka kafa, ta rufe lafiya lau. Ta biyu ya rantse sau ɗaya zai auna. Ya auna, ya juya wa katakon baya yana gumi, yana kallon titi don kar zuciyarsa ta raya masa na biyu. Ita ma ta fito kyakkyawa, har wani mai wucewa ya tsaya ya tambaya ko ta sayarwa ce. Ta uku ya rufe ido ya karkata hinji da gangan. Wannan kam ta maƙale, amma kullum a wuri ɗaya, kuma ba ta buɗewa da kanta. Na-Tafi ya zo ya ja sau biyu ya girgiza kai.

"Wannan ba ta da hali, kafinta," ya ce. "Rashin lafiya kawai gare ta."

Kwana uku na farko dariya nake yi har cikina ya ƙulle. Daga baya na daina, don Baba ya fara dawo da abincinsa bai ci ba. Ranar da ya rage kwana huɗu na same shi zaune a tsakiyar ƙofofi uku, tef ɗinsa na ƙarfe a hannu, yana jawowa yana sakewa.

"Auta," ya ce, "na auna ranar nan. Wallahi na auna. Da na san inda na kuskure, da tuni na yafe wa kaina, da yanzu na sake yin irinta. Amma ban sani ba. Mutum in bai san inda hannunsa ya ci amanarsa ba, yaya zai sake yarda da shi?"

Sai a lokacin na gane inda Sau-Uku ya samo asali, kuma tausayinsa ya kama ni sosai. Ashe ba dariyar mutane ce ke cinsa ba. Duk awon nan na biyu da na uku, tsawon shekara arba'in, kuskuren ranar nan yake nema.

Na koma gida na gaya wa Inna yadda ya faɗa, kalma da kalma. A karon farko ta tsayar da keke tun ba ta kai ƙarshen layi ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da tsohon gwangwanin da take zuba maɓallai. Ta tona can ƙasa ta zaro wani tef ɗin ɗinki da ya koɗe, lambobinsa da ƙyar ake gani. Ta ja mayafi ta ce in wuce mu je. Inna da ta shekara goma ba ta taka shagon ba, wai garin katako na sa ta tari.

"Malam," ta ce tana shiga, "ka tuna wannan?"

"Tef ɗin ɗinki ne."

"Ranar da ka yi ƙofar nan, wa ke ɗinka labule a kusurwar ɗakin?"

Baba ya sosa ƙeya. "Ke ce."

"Wa ya zo ya ce tef ɗinsa ya ɓata, in ara masa nawa?"

"Auta, je ki duba min..."

"Ba inda za ta," in ji Inna. "Ya ɓata wai, alhali ina hango shi ya turo aljihun wandonka."

Baba ya sunkuyar da kai ya ce ƙasa-ƙasa, "To da me kike so in fara magana?"

Inna ta karɓi nasa na ƙarfe ta shimfiɗa a kan tebur, ta shimfiɗa nata a gefensa. A farko lambobin sun tashi tare. Zuwa tsakiya nata ya fara yin gaba, kafin ƙarshe ya zarce da kusan faɗin yatsa.

"Tun a lokacin tsoho ne," ta ce. "Wurin wadda ta koya min ɗinki na gaje shi, ja da guga sun miƙar da shi. Ni na san halinsa, a kaina nake ragewa. Firam ɗin da ƙofar ke shiga ka auna da naka da safe. Ƙofar da wurin hinji kuwa da nawa ka auna, don ina kallonka, ba ka so ka zaro naka in kama ka."

Baba ya daɗe yana kallon tef biyun nan.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar."

"Shekara arba'in!"

"Malam, duk ranar da Darakta ya kore ka, bakin keken wa kake zuwa ka zauna kana huci? Wata shida cur. Da na gaya maka a makon farko ka huce, me zai ƙara kawo ka?"

"To bayan aure fa?"

"Bayan aure na ga ka zama Sau-Uku, aiki na ta shigowa, na ce a bar shi haka." Sai muryarta ta sauka. "Amma ban san har yanzu yana cinka ba. Na ɗauka fushi ne kawai irin naka. Ka yafe min."

Baba ya miƙe. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya gyara hula, ya ɗaga yatsa.

"Ni za ki yi wa haka? To shi ke nan. Na tafi!"

Rantsuwa zan yi, bai san me ya faɗa ba. Ni da Inna muka cije leɓe. Ya nufi ƙofar shago ya fincike ta da iyakar ƙarfinsa. To ita wannan ƙofar shi ya kafa ta, sau uku ya auna ta. Ta buɗe salin-alin, ko ƙiris ba ta yi masa gardama ba, sai ga Baba tsaye a tsakiyar titi, rana a kansa, fensir a kunne, ba inda za shi. Muna hango shi ta taga. Ya kalli gabas, ya kalli yamma, ya gaisa da mai gyaran takalmi. Ya yi kamar yana duba rufin shagon. Can ya dawo a hankali, bai kalli kowa ba.

"Miƙo tef ɗin," ya ce wa Inna. "Kuma ki zauna can, inda zan riƙa ganinki."

Ya auna firam da nasa, ya auna ƙofa da nata, sau ɗaya ɗaya. Inna na zaune a kusurwa tana tari tana murmushi. Washegari da yamma aka kafa. Baba ya ja a hankali, ta buɗe. Ya rufe ya fincika, ta kafe. Ya sake fincika, ta kafe. Ya juya baya zai ɗauko guduma, sai muka ji ƙiiii. Ya zauna a kan benci yana kallonta.

Ranar wasan da la'asar zauren ya cika har bakin ƙofa, kakanni da jikoki. Baba ya zaɓi kujerar can baya, ya ja hula har gira. Na-Tafi ya ajiye sandarsa a bayan labule ya fito da ƙafarsa. Aka yi faɗan da aka saba, wannan karon a kan waye ya ɓatar da tabarau ɗin waye. Ya miƙe, ya gyara hula, kafin ya buɗe baki duk zauren ya riga shi faɗa. Ya finciki ƙofa, ta ƙi. Ya so ya dafa ƙafa a bango, ƙafar ta ƙi ɗaguwa, ya tsaya yana hararta, ita ma ƙafar ta sha nata. Hula ta faɗi. Ya juyo wurin tsohuwar da ke fitowa a matarsa ya ce, "Ɗan zo ki kama min." Mutane na dariya suna share hawaye, ni ma haka, kuma ba duka na dariya ba ne.

Sai na ji wani sauti a gefena kamar zarto a jiƙaƙƙen katako. Baba ne. Ya riƙe ciki, hular ta zame, yana dukan cinya yana cewa, "Ja ta sama, mutumin nan! Ta sama take kamawa!"

Darakta ya cika alkawari, bai ambaci kowa ba. Amma da aka tashi na ga Baba ya ja shi gefe suna magana. Bayan mako biyu aka nuna a talabijin. Kiɗan ya fara, duk muka kalli Baba, bai tashi ba. A ƙarshe sunaye suka riƙa hawa, har na mai shara, sai ga layin da bai taɓa fitowa ba. An rubuta "Ƙofa", a ƙarƙashinsa sunaye biyu, na Inna a sama.

Na-Tafi bai kai ƙarshen shekarar ba. Baba ya je jana'izarsa, ya dawo ya rufe shago kwana biyu.

Yanzu tef ɗin Inna yana rataye a ƙusa a saman teburin aikinsa, ba mai taɓawa. Awon kuma ya ragu, sau biyu yake yi, amma sunan ya riga ya bi shi. Makon jiya ina shagon wani baƙo ya zo a yi masa ƙofar ɗaki. Suka gama magana, ya juya zai fita, sai ya tuna ya dawo yana dariya tun bai faɗa ba.

"Sau-Uku, don Allah dai kar ka yi min irin ta Na-Tafi."

Baba ya ajiye zarto, ya cire fensir daga kunne, ya kalle shi sama da ƙasa.

"Ko ka roƙa ba za ka samu ba," ya ce. "Biyu kaɗai aka taɓa yi, kuma ba ni kaɗai na yi su ba."